Kalifa a gaba ko a baya, wai wanne ya fi kama birki?

Ranar Asabar ɗin da ta wuce ina garejin da nake kai mota a Farin Gada a Jos, ina zaune kan benci ina jiran a canza min birek fad, sai musu ya kaure tsakanin wani direban haya mai zuwa Abuja da wani matashi da ya kawo BMW. Motocin biyu duk suna kan jak an cire tayoyin gaba, Corolla ɗin direban a nan, BMW ɗin a gefenta, toh kowa yana ganin cikin ƙafar ƙuru-ƙuru. Kalifar Corolla, wato ƙarfen da ke matse farantin birki da ake kira dis, tana ta gaban dis wajen bamba, ita kuwa ta BMW tana ta baya wajen ƙofa. Matashin nan ya dage wai shi yasa motarsa ta fi kama birki, don kalifar da ke baya janyo tayar take yi, ta gaba kuwa tokare ta kawai take. Direban yace ina, ai abin da ya tare ka ta gaba shi ya fi tsayar da kai, ko saniya ce ta ƙwace ai ta gaba ake shan kanta. Ogan garejin yana kwance ƙarƙashin wata mota bai ce musu uffan ba, da ya fito yana goge hannu da tsumma abin da yace kawai shine, "Malamai ku dai ku duba min nifil ɗin nan, yana sama ko yana ƙasa, sauran duk zance ne."

Maganar ta tsaya min a rai don ni na san abin da yake nufi, nifil shine ɗan notin da ake cire iska daga birki ta cikinsa, abin ya taɓa faruwa da ni kuma zan zo kansa. Amma bari mu fara da musun nasu tunda ba su kaɗai bane, na sha jin irinsa a tasha da majalisa, har da masu cewa wai motar da kalifarta ke gaba ta fi dungurar da hanci in an taka birki.

Ga wanda bai taɓa leƙa ƙafar mota ba, ga yadda abin yake. Akwai farantin ƙarfe da ke juyawa tare da taya, shine dis. Sai kalifa, wani dunƙulen ƙarfe da ya hau bakin farantin kamar yadda za ka riƙe faifai tsakanin babban yatsa da sauran yatsu, ita ba ta juyawa, a ɗaure take da ƙafar mota. A cikinta akwai fistin da kuma birek fad guda biyu, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje. In ka taka birki, masta, wato famfon da ke karɓar takun ƙafarka, ta tura man birki ta cikin bututu da tiyo har ya isa kalifa, man ya tura fistin, fistin ya matse fad ɗin a jikin dis, gogayya ta rage gudun juyawar. Shikenan aikin. Ƙarfin riƙon kuma abu uku ne ke yanke shi: yadda aka matse, yadda fad ɗin yake kama ƙarfe, da nisan wurin da aka matse daga tsakiyar taya.

Wannan na ukun shine ya kashe musun. Ka tuna lokacin da notin taya ya ƙi kwancewa, mai faci ya ɗauko fayif ya zura a wil sufana ya ƙara mata tsawo, nan take noti ya saki. Tsawon hannun ne ya yi aikin. Ko ya ɗora sufanar tana kallon gaba ya taka da ƙafa, ko tana kallon baya ya ɗago da hannu, muddin tsawon ɗaya ne kuma ƙarfin da ya sa ɗaya ne toh murɗawar da notin zai ji ɗaya ce. Haka dis yake, da'ira ce, ba ta da gaba ba ta da baya, duk inda ka kama a bakinta nisanka da tsakiya bai canza ba. Ka ɗauke shi kamar fuskar agogo, ka sa kalifa a ƙarfe 3 ko 9 ko 12 ko 6, ƙarfin da zai tsayar da tayar bai ƙaru da ko ƙwayar gero ba. Wanda ya taɓa kifar da keke yana yaro ya wana tayar ya san wannan da hannunsa, ka damƙe rim ta ko'ina za ta tsaya, amma ka gwada tsayar da ita daga kusa da tsakiya kaji yadda za ta fi ƙarfinka. Saboda haka in ka matsar da wurin matsewa daga santimita 10 zuwa 11 daga tsakiya, wato ka sa dis mafi faɗi, ka ƙara kashi 10 cikin 100 na ƙarfin riƙo, in kuwa zagayawa kawai ka yi da kalifar daga gaba zuwa baya ba ka ƙara komai ba. Direban da matashin duk babu mai gaskiya a cikinsu.

Toh amma kar wani ya ɗauka wurin zaman kalifa bashi da wani tasiri kwata-kwata, yana da shi, sai dai ba a inda mutane suke nema ba. Wanda ya fi jin bambancin shine boris ɗin taya, wanda taya take juyawa a kansa, kuma nan ne wurin da ni abin ya fi burge ni don sai ka natsu kafin ka gane.

Ka tsaya gefen mota tana tafiya gaba ka kalli taya. Samanta yana tafiya gaba, ɓangaren gabanta yana gangarawa ƙasa, ƙasanta yana komawa baya, ɓangaren bayanta kuma yana hawowa sama. Dis ma haka yake yi tunda tare suke juyawa. Yanzu in kalifa tana baya, ƙarfen da ke shigowa cikinta sama yake yi, fad ya kama shi yana danna shi ƙasa. In tana gaba, ƙarfen ƙasa yake yi, fad ya kama shi yana riƙe shi zuwa sama. A ɗaya ɓangaren kuma titi kullum sama yake tura taya saboda nauyin motar da ke kanta, kuma boris ne a tsakiya yake ɗaukar wannan turin. Kaga kenan kalifar baya tana danna ƙasa titi yana turo sama, sai su rage wa juna ƙarfi boris ya samu sauƙi. Kalifar gaba kuwa ita da titi duk sama suke turawa, sai nauyin ya taru a kan boris. Kuma ba ƙaramin ƙarfi bane fa, don fad yana aiki ne kusa da tsakiya ita kuwa taya tana taɓa titi daga nesa. Mu ɗauki misali da lissafi mai sauƙi, daga tsakiya zuwa titi santimita 30, daga tsakiya zuwa fad santimita 10, wato sai fad ya yi ninki uku na abin da titi yake yi. In titi ya riƙe tayar da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 300, fad yana jan dis da kamar kilo 900. A ce tayar tana ɗauke da kilo 450 na nauyin mota a lokacin, mai kalifa a gaba boris ɗinsa zai ji 450 da 900 a haɗe, 1,350 kenan, mai kalifa a baya kuwa zai ji 900 a cire 450, saura 450. Bambanci ne babba a takarda.

Masu keken zamani mai birkin dis sun ga wannan da idonsu. Kalifar tayar gaba tana bayan ƙafar hagu ta fok, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba, toh duk sanda aka damƙe birki ƙasa take tura dis, wato tana neman fitar da tayar daga mazauninta tunda bakin mazaunin a buɗe yake ta ƙasa, in maɗaurin nan da ake ɗaurewa da hannu bai ɗauru sosai ba taya tana iya zamewa. Yana cikin dalilan da suka sa aka koma yin sandar da ke ratsa fok ɗin gaba ɗaya ana murɗa ta kamar noti.

Sai dai a mota irin tawa da taka wannan bai isa ya ɗaga wa mutum hankali ba. Injiniyoyin da suka sa kalifa a gaba sun san lissafin nan sarai, sun zaɓi boris da zai ɗauka, kuma taka birki mai tsanani daƙiƙu kaɗan ne. Abin da ke cin boris a garin nan ramuka ne da ruwan damina da ke shiga in roba ta yage, da lodin da ya wuce ƙa'ida, da kuma dukan guduma wajen sawa maimakon a matse shi a faras. Ban taɓa ganin wanda boris ɗinsa ya mutu don kalifa tana gaba ba, amma na ga da yawa da hanyar unguwa ta kashe musu.

Maganar dungurar da hanci kuwa babu ita. Kalifa da boris duk a jikin ƙarfe ɗaya suke ɗaure, turin da wannan ya yi sama wancan ya karɓe shi ƙasa, a cikin gida abin yake ƙarewa, shokozoba ba ta ma san an yi ba. Hancin mota yana dungurawa ne saboda nauyi yana zubowa gaba in an rage gudu, sai kuma tsarin hannuwan ƙafar da taurin sifirin su yanke iya yadda zai sunkuya. Zubowar nauyin nan ita ce ma ta sa birkin gaba yake yin mafi yawan aikin, kusan kashi 60 zuwa 70 cikin 100 a ƙananan motoci, shi yasa dis ɗin gaba ya fi girma, fad ɗin gaba ya fi saurin cinyewa, wasu motocin ma dram ne a bayansu kuma ya ishe su.

Toh me yasa wannan kamfani ya sa a gaba wancan ya sa a baya? Amsar ba ta da wani ado, wuri ne. Cikin rim ɗaki ne ƙarami kuma kowa yana son shiga, ga ƙafar shok, ga bol joyin a ƙasa, ga shaf in motar da gaba take ja, ga wayar ABS mai hana taya kullewa in an taka birki, ga kuma tairod, sandar da sitiyari yake karkatar da taya da ita, wanda shine babban mai rabon wurin. Hannun da tairod yake kamawa ya juya taya ko dai yana gaban tsakiyar taya ko yana baya, duk inda ya zauna sai kalifa ta koma ɗaya gefen. Motoci masu ja da gaba irin su Corolla da Golf, inji da giyabos suna kwance a gicciye sun cika gaba, sai aka kai sitiyari rak bayan inji, tairod ya zo ta baya, kalifa ta tafi gaba. BMW ɗin matashin nan da baya take ja, injinta a miƙe yake, rak ɗin yana gaba, sai kalifa ta samu wuri a baya. Da na nuna musu tairod ɗin kowace mota sai da direban ya durƙusa ya leƙa da kansa. A tayar baya kuma sau da yawa hanyar wayar hanbirek da wurin zaman shok ne suke yanke hukunci.

Inda ake zama a yi dogon tunani kan wurin kalifa shine motocin gudu da na tsere. Kalifa tana da nauyi, su kuma suna son nauyi ya taru a tsakiyar mota don ta yi saurin amsa sitiyari a kwana, shi yasa za ka ga da yawansu kalifar tayar gaba tana bayan taya, ta tayar baya kuma tana gaban taya, duk suna kallon ciki. Motocin Formula 1 sukan saukar da ita can ƙasa kusa da ƙarfe 6 don nauyi ya kwanta kusa da titi. A babur ma an yi wannan canjin, Honda CB750 ta 1969 wadda ta shahara da kawo birkin dis cikin baburan kasuwa kalifarta tana gaban fok ne, daga baya masu ƙera babura suka mayar da ita bayan fok don nauyin ya matso kusa da inda kan babur yake juyawa, kan ya yi sauƙi a hannu. Duk waɗannan gyara ne na yadda abin hawa yake juyawa da zama a titi, babu wanda ya yi su don fad ya ƙara kamu. Mu kuma da muke bin laka da jar ƙasa da ruwan da ke kwanciya a titi lokacin damina, kalifa a can ƙasa ai wahala ce, ita za ta fara shan taɓo da tsakuwa.

Akwai wani canjin wuri na gaske da ya wuce zagaya agogo, wato a cire birkin daga cikin taya gaba ɗaya a kai shi ciki kusa da giyabos ko difarenshal, shaf ya riƙa kai riƙon zuwa taya. Citroën DS ta Faransa da ta fito 1955 haka birkinta na gaba yake, Jaguar E-Type ta 1961 ma haka na bayanta yake. Amfaninsa ƙafar mota tana rage nauyi taya ta fi bin titi, illarsa kuma iska ba ta isa wurin sosai, gyara sai an sha wuya, kuma in shaf ya karye birkin wannan tayar ya tafi. Shi yasa yau da wuya ka gani. Shi kansa birkin dis ɗin tun 1902 wani Bature ɗan Ingila mai suna Frederick Lanchester ya yi rajistar nasa, amma sai da Jaguar ta ci tseren Le Mans a 1953 da birkin dis na Dunlop sannan duniya ta waiwayo, kuma abin da ya ba su nasara shine birkinsu yana jure zafi lokacin da dram ɗin wasu yake sanyin gwiwa.

Zafin nan shi ya kamata mu mutanen Jos mu fi damuwa da shi fiye da kowa. Birki ba ya ɓatar da gudu, mayar da shi zafi yake yi. Mota mai kilo 1,500 tana gudun kilomita 100 a awa, in ka tsayar da ita cak zafin da ya shiga dis da fad ya kusa isa ya tafasa ruwa lita 2, a cikin 'yan daƙiƙu fa, kuma in gudu ya ninka biyu zafin ninkawa huɗu yake. Gangara ta fi wannan muni. Duk mita 100 na tsayi da wannan motar ta sauko, in birki ne kaɗai yake riƙe ta, daidai yake da ka tsayar da ita daga gudun 100 sau biyu da rabi. Jos tana sama da mita 1,200 daga teku, cikin garin Abuja bai kai rabin haka ba, kuma babban kaso na saukar a Hawan Kibo ake yinsa bayan ka wuce Riyom. Duk wanda yake bin hanyar ya san warin nan na ƙonewar birki da ke tashi daga manyan motoci a gangaren, kuma ya san rayukan da wurin ya ci, Allah ya jiƙansu. A nan ne wurin zaman kalifa yake ɗan taɓa zafi, don duk inda ta zauna ta rufe wannan ɓangaren na dis daga iska, masu motar tsere sukan so ta koma baya don su jawo iska ta gaba su hura wa dis. Amma wannan ɗan bambancin ba shi zai cece ka a Hawan Kibo ba. Giya ce za ta cece ka, ka sauko da 2 ko 3 inji ya riƙe motar, in otomatik ce ka ja ta zuwa L ko 2, ka riƙa taka birki kana saki maimakon ka kwantar da ƙafa a kai tun daga sama. Masu sa mota a firi don tsimin mai a wannan gangaren wallahi da ran fasinja suke wasa.

Sai man birki. Mai lambar DOT 3 in sabo ne ƙa'idarsa kar ya tafasa ƙasa da digiri 205, DOT 4 kuma 230, amma man nan yana shan danshi daga iska a hankali, in ya sha ruwa sai ma'aunin ya sauko zuwa 140 da 155. In ya tafasa a cikin kalifa sai ya zama tururi, tururi kuma matsuwa yake yi ba ya tura fistin, nan ne za ka ji direba yace birki ya shanye, ya taka har ƙasa babu komai, bayan rabin awa ya huce kuma birki ya dawo kamar ba a yi ba, sai a ce aljanun wurin ne. Masu ƙera mota da yawa shekara 2 suke cewa a zubar a sa sabo, mu kuwa sai dai ƙari in ya ragu, wani tun da motar ta shigo ƙasar ba a taɓa juye shi ba, ya koma baƙi kamar shayin da ba madara.

Wannan ya kawo ni kan nifil ɗin da oga ya faɗa, da abin da ya same ni. Shekarun baya kalifofin gaba na motata suka fara riƙewa, fistin ya yi tsatsa, na sayo 'yan Beljiyam guda biyu, na kai wa wani bakanike da ba nawa ba saboda ina sauri washegari zan kai iyali biki Akwanga. Aka ɗaura, aka zo bilidin, wato cire iska daga birki, yaronsa yana ciki yana famfo shi yana ƙasa yana cewa "taka, riƙe, saki", mai yana fitowa tas babu kumfa, amma birki laushi kamar ka taka katifa, sai ka yi famfo biyu uku kafin ya kama. Muka ƙarar da gwangwani biyu na mai. Daga nan yace masta ce ta mutu, na sayo masta, aka sa, abin yana nan yadda yake. Magariba ta yi yace "Alhaji ka tafi haka, in ya ɗan yi aiki zai zauna." Na fito na biyo titin Bauchi Road a hankali, wani mai keke Napep ya tsaya a gabana ba zato, na taka ƙafata ta tafi kusan ƙasa, da hanbirek na ƙarasa tsayawa, tsakanina da shi bai fi taku ɗaya ba. Jikina rawa yake yi don tunanin da ya zo min shine da a gangaren gobe ne da yara a baya fa.

Da sassafe na kai wa ogan Farin Gada. Ko jak bai sa ba, ya ce in murɗe sitiyari gaba ɗaya, ya haska fitilar waya a bayan taya, ya ce "Maigida an juya maka su, ta hagu tana dama ta dama tana hagu." Kalifar hagu da ta dama a motoci da yawa ramukan notinsu ɗaya ne, kowace za ta hau kowane gefe ta ɗauru tsaf, amma in ka musanya su sai ta kife, nifil ɗin cire iska da ya kamata ya kasance a can sama ya dawo ƙasa. Iska kuma sama take hawa a cikin mai, kamar kumfa a kwalbar lemo. Toh iskar ta taru a saman ɗakin fistin, ƙofar fita tana ƙasa, ko kwana za ka yi kana bilidin mai ne kawai zai riƙa fita ita tana zaune abinta. Ya kwance ya mayar da kowace gefenta, ya sa siririn tiyo a nifil ya tsoma ɗaya bakin a gorar ruwa mai ɗan mai a ciki, taka na farko sai ga kumfa ɓul-ɓul-ɓul kamar ana hura wa da baki, kafin minti goma birki ya yi tauri tun daga sama. Mastar da na cire lafiyarta lau, tana nan a but har yau.

Irin wannan kuskuren na hagu da dama bai tsaya a nifil ba. Manyan kalifofi masu fistin huɗu ko shida sau da yawa fistin ɗin ba girmansu ɗaya ba, ƙaramin yana ɓangaren da dis yake shigowa, babban yana ɓangaren fita, don bakin shiga ya fi cizo, in ba a rage masa matsi ba fad zai cinye a karkace. Ka juya irin wannan kalifar, ko ka ɗauko ta motar da take zama a baya ka ɗaura a motar da take zama a gaba, ka juya lissafin kenan, fad zai cinye kamar bakin gatari. Wasu dis ɗin ma ramukan iskar da ke tsakiyarsu a lanƙwashe suke, akwai na hagu akwai na dama, in an musanya ba sa fitar da zafi yadda ya kamata. Sai tiyo, in an mayar da kalifa an bar tiyon a murɗe ko yana gogar taya in an karya kwana, wata rana fashewa zai yi. Ga kuma abin da na fi gani a gareji, a cire kalifa a sake ta tana lilo a jikin tiyo maimakon a rataye ta da waya, nauyin nan yana lalata tiyon ta ciki inda ido ba ya gani.

Kalifar yawancin motocinmu mai fistin ɗaya ce ta ciki, tana zamewa a kan fil guda biyu don ta janyo fad ɗin waje. In fil ɗin nan suka bushe ko robarsu ta yage ƙura ta shiga, kalifa ta daina zamewa, sai fad ɗaya ya cinye har ƙarfe ɗayan yana nan sabo, mota ta riƙa ja gefe in an taka birki, rim ɗaya ya fi ɗan'uwansa zafi. Gyaran bai wuce a wanke a sa giris ɗin da ya dace da roba ba, amma sai ka roƙa ake yi, dan Allah in za a canza maka fad ka tsaya a kai ka ce a zaro fil ɗin ka gani.

Samari masu son ado kuma, fenti ja a kalifa ba laifi in an kiyaye roba da fad, amma murfin roba ɗin nan da ake liƙawa don ta yi kama da ta motar tsere yana tare iska ne kawai, ni ban yarda da shi ba. Masu ɗauko babbar kalifa daga wata mota su sa a gaba suma su sani fistin mafi faɗi yana shan mai da yawa, ƙafa za ta ƙara nitsewa kafin ya kama, kuma rabon aiki tsakanin gaba da baya ya canza ba tare da an auna ba. In birkinka na asali yana iya kulle taya ko ya tayar da ABS, toh ƙarfi ya riga ya isa, abin da ya rage tsakanin taya da kwalta ne, kuɗin nan gara ka sa su a tayoyi masu kyau da ba su wuce wa'adi ba.

Dubawar nifil ɗin ba ta buƙatar sufana. Ka ajiye mota a fili, ka murɗe sitiyari har ƙarshe, ka haska bayan taya, za ka ga ɗan ƙaramin noti mai rami a tsakiya, wani da hular roba a kansa. A saman kalifa ya kamata ka gan shi, sama da inda tiyo ya shiga, sannan ka zagaya ɗaya gefen ka tabbatar shima haka yake. Direban nan na Abuja kafin a mayar masa da tayoyi sai da ya duba nasa duka biyun, ya kuma ce a juye masa man birkin gaba ɗaya tunda da asuba zai yi lodi.